Baba Kunkuru da 'Yar Mai Ɗinki

Duk wanda ke bin titin da ya tashi daga kasuwar katako ya nufi babban asibiti ya san farar bas ɗin nan mai jan gicciye a ƙofa, ya kuma san tsohon da ke tuƙa ta. Masu babur ne suka raɗa masa Baba Kunkuru. In ya shiga gabanka a titi sai dai ka yi haƙuri, don ko hon ɗinka zai fashe ba zai ƙara wuta ba. Mai keke na wuce shi, wani lokaci har da mai tura baro. Su yi ta yi masa tsiya suna cewa, "Baba, ƙwai ka ɗauko ne?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Ƙwai ai da sauƙi, yaro, in ya fashe a soya."

Bas ɗin ta wani gidan jinya ce na coci, wanda mutanen unguwa ke kira gidan Sista. Dogon gini ne mai ɗakuna a jere, da baranda, da igiyoyin shanya da ba sa rabuwa da zannuwan gado. Mata masu ciwon daji ne ke sauka a nan, waɗanda suka zo daga nesa ba su da kowa a gari, su ci su sha su kwana kyauta har su gama ganin likita. Ba a tambayar mace addininta a bakin ƙofa. A bayan ginin akwai sashen yara, galibi 'ya'yan majinyatan ne da marayun da iyayensu suka rasu a gidan. Cocin unguwa na kawo abin da ya sawwaƙa, mafi yawan taimakon kuma daga wasu coci-coci na ƙasashen waje yake zuwa. Sista ce ke riƙe da komai, wata gajeruwar dattijuwa mai kakkausar murya, wadda ke faɗa da kowa har da likitoci, sannan ta shiga ɗakin addu'a ta fito da jajayen idanu.

Da can Baba ba kunkuru ba ne. Tirela ya tuƙa tun yana saurayi, kuma a tashar manyan motoci an san shi da taka mota. Ya yi aure, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka aurar da su. Matarsa mace ce mai yawan dariya, mai ɓoye ciwo. Da ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta sai ta ɗauka maruru ne, ta yi ta shafa man zafi tana harkokinta. Lokacin da abin ya fito fili, ya riga ya yi nisa. Haka suka san gidan Sista. Shi yake kai ta asibiti a motar aro, duk ramin da taya ta faɗa kuwa sai ya ji ta ja numfashi ta cije leɓe. Ba ta taɓa ce masa ya rage gudu ba, shi ya rage da kansa. Da damina ta rasu, a ɗakin da ke ƙarshen baranda.

Bayan an share makoki ya koma kan tirelarsa, sai ƙafa ta ƙi taka mota. Kaya suka riƙa isa a makare, mai mota ya yi ƙorafi har ya gaji, Baba ya ajiye masa makulli. Wata rana ya je gaida Sista ya tarar da bas a tsaye, mata na zaune a baranda da jakunkunansu, direban gidan ya sami aiki mai tsoka ya tafi.

Sista ta ce, "Ba ni da albashin kirki, Baba Direba."

Ya ce, "Ni ma ba ni da gudun kirki, Sista. Kin ga mun dace."

Tun daga ranar ya tare a wani ɗan ɗaki da ke jikin garejin gidan. Da sassafe zai duba mai da ruwa, ya jera matasai a kujeru, ya sa bokiti a ƙarƙashin kowace kujera saboda masu amai. Wadda ba ta iya hawa, shi zai tallabe ta yana cewa, "Sannu, 'yata, ba sauri muke ba." Ya sauke yara a makaranta, ya wuce da iyayensu asibiti, ya zauna a inuwar katanga har su fito. Ya kai mata da yawa tasha sun warke suna sa masa albarka. Ya kuma kai wasu da yawa gida a kwance. Babbar 'yarsa na yawan bugo waya ta ce ya dawo wurinta ya huta haka nan, ya ce mata to, bari wannan rukunin su gama.

Shekaru suna tafiya a haka, har ranar da wata mata ta sauka daga motar haya a ƙofar gidan, siririya, tana tafiya tana dafa katanga. A kanta akwai kan keken ɗinki naɗe cikin zane, a hannunta kuma wata 'yar yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba. Ciwon dajin bakin mahaifa ne ya kawo ta. Mijinta ya tafi neman aiki wata ƙasa tun yarinyar na goye, ba shi ba labarinsa. Nan da nan gidan ya sa mata Mai Ɗinki. Yarinyar kuwa da sunanta ta zo, Aku, don bakinta ba ya hutawa.

Aku ta tsaya a gaban Baba ta kama ƙugu. "Kai ne Kunkuru?"

"Ni ne."

"To ina ƙoƙon bayan naka?"

"Na ba da shi wanki."

"Ƙarya ne! Umma, kin ji tsoho yana ƙarya!"

Uwar ta kai mata duka tana ba shi haƙuri, shi kuwa dariya ya yi har da tari. Daga ranar kujerar gaba ta zama ta Aku. Ita ke gaya masa inda zai juya a hanyar da ya fi ta sani, ita ke rama masa zagin masu babur ta taga. Mai Ɗinki ma ba ta iya zama haka kawai. Duk ranar da jiki ya ɗan sake ta, sai ta ɗora kekenta a benci tana juya shi da hannu, ta face zannuwan gado, ta rage wa yara kayan gwanjon da aka aiko musu daga waje. Har wuyan rigar Baba ta juya masa, tana ce masa, "Baba, ai sai a ce ba ka da 'ya."

Likita ya ce ciwon nata bai fi ƙarfin magani ba tukuna, muddin aka fara yi mata gashi da wuri. Gashi shi ne a kwantar da mutum a ƙarƙashin wani babban inji da ke haska cutar ya ƙone ta, kuma injin guda ɗaya ne a duk yankin. Ranar da aka ba ta ta yi wanka, ta sa zanenta mai kyau. Suka isa suka tarar da jama'a cike a baranda, ma'aikacin da ke bakin ƙofa yana faɗa wa kowa magana ɗaya: inji ya tsaya, ana jiran wani ƙarfe daga waje, a dawo mako mai zuwa.

Mako ya zagayo suka dawo, maganar ba ta sake ba. Suka sake dawowa. Baba da ya saba kwance a ƙarƙashin mota da sifana a hannu ya kasa gane yadda inji zai tsaya mutane su zuba masa ido. Ya matsa kusa da ma'aikacin ya rage murya.

"Ɗana, ko za ka bari in leƙa shi? Wani lokaci waya ce kawai ta saki."

Ma'aikacin ya dube shi, ya so ya yi dariya, sai kuma ya fasa. "Baba, ba irin wannan injin ba ne. Mu kanmu ba mu isa mu taɓa shi ba."

Baba ya koma mota ya zauna, hannuwansa a kan sitiyari, ya rasa abin da zai yi da su.

Ana cikin wannan jira sai wata matsalar ta sake faɗowa. Wata safiya bayan addu'a Sista ta tsayar da ma'aikata ta ce musu masu aiko da taimako daga waje sun ce su ma abubuwa sun yi musu yawa, yaƙi ya ɓarke a wani wuri, can za su mai da hankali. Ba su ce sun daina ba, sun dai ce za a rage. Ba a daɗe ba aka ga ragin a tukunya, aka gan shi a kabad ɗin magani. Ƙwayar rage zafi da ake ba mace safe da yamma ta koma sau ɗaya. Sashen yara kuwa, aka ce duk yaron da ke da dangi a mayar da shi wurin danginsa. Baba ne ya riƙa kai su, ɗaya bayan ɗaya, kowane da kayansa a leda.

Mai Ɗinki ta daina ɗinki. Jini ya ƙi tsayawa, ƙafafunta suka kumbura. Sista ta yi ta buge-bugen waya tana faɗa tana roƙo, har aka ce akwai wani asibiti a wani birni mai nisa da injinsu ke aiki, likitan zai duba ta in sun iso kafin ya tashi. Suka bar Aku a gida tana ihu, suka kama hanya tun da asuba, Mai Ɗinki na kwance a kujerar baya, wata nas na riƙe da ita.

Hanyar duk ramuka ce. Baba ya yi ta lallaɓawa yadda ya saba, rana na ɗagawa, tafiya ba ta raguwa. Nas ta duba agogo ta dube shi a madubi. Can sai ya ji muryar Mai Ɗinki daga baya.

"Baba, taka motar."

"Za ki ji jiki, 'yata."

"Na sani. Taka, zan jure."

Ya taka. Tsohuwar bas ta yi ta kakkarwa tana tsalle, duk ramin da suka faɗa sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Bai waiwaya ba, ya dai riƙa cewa a ransa, Yesu ka riƙe ta, Yesu ka riƙe ta. Suka isa likita bai tashi ba. Aka shiga da ita, aka daɗe. Da likitan ya fito sai ya ɗauka Baba ne mahaifinta, ya ja shi gefe ya ce cutar ta bazu, gashi ba zai yi mata komai ba yanzu sai ƙarin wahala, a kai ta inda hankalinta zai kwanta.

Likitan ya ce, "Da kun zo da wuri."

Baba ya ce, "Mun zo da wuri, likita. Can wancan asibitin muka je, muka yi ta zuwa."

Likitan ya sunkuyar da kai, ya dafa kafaɗarsa, aka kira shi ya tafi.

A hanyar dawowa ta ce a tsaya ta sha iska. Ya tsaya a gindin wata bishiya, nas ta tafi neman ruwa. Mai Ɗinki ta jingina da taga, ta ce ba sai ya ɓoye mata ba, ta gani a fuskarsa.

"Ni tawa ta ƙare, Baba, ban damu ba, na gaji. Aku ce. Ka riƙe mini ita."

"Haba 'yata, Ubangiji ne mai..."

"Na san da Ubangiji. Kai nake roƙo. Ta saba da kai. Ba ta da wahalar ci, surutun ne kawai, shi ma in ka yi banza da ita barci take yi."

Ya ce mata to. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Suna isa gida ya wuce ofishin Sista ko ruwa bai sha ba, ya zayyana mata. Sista ta cire tabarau ta murza ido.

"Baba Direba, a ina za ka sa ta? A gareji? Hukuma ba za ta ba tsoho shi kaɗai 'ya mace ba, alhali tana da kawu. Ni ma in na riƙe ta, me zan ce wa waɗanda ka kai gida da hannunka?"

"Gado ɗaya ne fa, Sista. 'Yar mitsitsiya ce."

"Duk 'yan mitsitsi ne!" Ta daka masa tsawa, sai kuma muryarta ta karye. "Ka fita, don Allah, ka fita."

Ya fita ya buga wa babbar 'yarsa waya. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce maigidanta ya rasa aiki, su ma a ɗaki ɗaya suka koma da yara, amma za ta tuntuɓe shi ta ji. Daga muryarta ya san amsar. Ƙaramar kuwa a gidan surukai take, bai ma ɗora mata nauyin ba. Ya shiga ɗakin addu'a ya durƙusa, ya rasa kalmar da zai fara da ita, har gwiwoyinsa suka yi tsami ya tashi.

Da ya je gaya wa Mai Ɗinki, bai kai ƙarshen magana ba ta ɗaga masa hannu. "Ba komai, Baba. Ka yi iyakar yinka. Kai mu wurin Yaya."

Yayan nata mai faci ne a bakin titi, a wani ƙaramin gari. Gidansa ɗaki ne da rumfa a bayan shagon, yara ko'ina, matarsa da tsohon ciki. Mutumin kirki ne. Da ya ga ƙanwarsa sai ya jefar da tayar da ke hannunsa, ya ɗauke ta cak kamar jaririya ya kai ta kan katifarsu ɗaya tilo. Bayan sun natsa ya fito ya sami Baba a jikin mota.

"Baba, mun gode, Allah ya saka. Yarinya jinina ce, ba zan ƙi ta ba. Abin da muka ci shi za ta ci." Ya share hannunsa a wando. "Sai dai akwai ranar da ba ma ci. Gara in faɗa maka gaskiya."

Aku ta ɗauka ziyara aka zo. Tana ganin Baba ya buɗe ƙofar mota ta sheƙo ta haye kujerar gaba, ta ce a tafi, Umma ta biyo su gobe. Sai da kawun ya ɓamɓare yatsunta daga jikin ƙofa. Baba ya ja mota yana jin ihunta, "Kunkuru! Tsaya mana! Kunkuru!" Da ya sha kwana ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya daɗe a nan kafin ya iya ganin hanya.

Ba a yi kwanaki da yawa ba mai faci ya bugo waya ya ce rai ya yi halinsa. Sista ta sa aka yi wa Mai Ɗinki addu'a da safe, aka wanke zanen gadonta, kafin azahar wata ta hau gadon.

Baba ya ci gaba da tuƙi har shekara ta zagayo, amma idonsa ya fara yana. Ranar da ya goga bas a jikin ginshiƙin ƙofa, Sista ta zo da kanta ta miƙa hannu, ya ba ta makulli bai yi musu ba. Aka ɗauki wani direba, shi kuma aka ba shi kujera a bakin ƙofa, yana buɗewa yana rufewa.

Sai a lokacin ya sami sukunin zuwa ganin yarinyar. Ya shiga kasuwa ya zaɓo mata takalma jajaye masu maɗauri, ya hau motar haya. Ya same ta a bakin famfo da jariri a bayanta, tana jiran layi da bokiti. Ta yi tsawo, ta rame, ƙafarta duk faso. Ta gane shi, ta durƙusa ta gaishe shi kamar babba. Matar kawun ta shimfiɗa masa tabarma tana ba shi haƙuri, ta ce suna so su sa ta makaranta, abin ne ya faskara, ko nasu ma biyu suna gida.

Ya fito da takalman. Aku ta goge ƙafarta da gefen zane, ta zauna ta zura. Yatsu suka shiga, dunduniya ta ƙi. Ta matsa, ta tanƙwashe yatsu, ta miƙe ta buga ƙafa a ƙasa. Baba ya durƙusa ya sassauta maɗaurin har ƙarshe, ya tura da babban yatsansa. Ba su shiga ba. Da ƙafar da ya sani ya auna, bai tuna yara na girma ba.

Ta cire su ta haɗa su wuri ɗaya, ta share ƙurar da suka ɗauka, ta miƙa wa ƙaramar 'yar kawunta da ke tsaye tana haɗiyar yawu. Suka yi mata cif. Yarinyar ta ruga tana nuna wa maƙwabta.

Baba ya ce, "Zan kawo miki manya, kin ji? Da na sami hali zan dawo."

Ta ce, "To, Baba."

Jaririn ya fara kuka, ta miƙe tana jijjiga shi, ta ce layinta ya kusa, kada a wuce ta. Ta ɗauki bokiti ta koma famfo. Ya zauna a tabarma yana kallon wajen, idon ba ya rarrabe ta da sauran yaran, har mai faci ya zo ya ce masa motar ƙarshe ta kusa tashi, ya kama hannunsa ya tsallakar da shi titi.